Ranar da na ga zuciyar 'yata tun tana ciki

Ɗana na fari kwana 5 ya yi a duniya. An yi masa huɗuba, an ɗaure rago a zaure, dangi sun fara shigo da tabarmi da manyan tukwane, saura kwana biyu suna. Lafiya lau na haife shi a wani ƙaramin asibiti da ke unguwarmu a Kano. Ya yi kuka, ya kama nono, washegari aka sallame mu. A kwana na huɗu ya fara ƙin tsotso. In ya kama sai ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi. Umma ta ce ƙila sanyi ya shige shi wajen wanka, wata maƙwabciya ta ce a yi masa hayaƙi. Da asubar kwana na biyar na buɗe bakinsa, na ga harshen ya rine ya koma toka-toka mai shuɗi. Kafin mu kai babban asibiti jikinsa ya saki. Likitan da ya karɓe shi ya ce yana zargin zuciya ce, amma rai bai jira an ɗauki hoto ba. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa.

Sau uku na yi sikanin a wancan cikin, kuma shi ne abin da ya daɗe yana ci mini rai. Kowane zuwa bai wuce minti biyar ba. A shafa mai, a goga na'ura, a ce kwanciya daidai, ruwa ya isa, namiji ne. A takardar an rubuta cewa zuciya tana bugawa. Ni a sanina an duba zuciya ke nan. Sai bayan shekara huɗu na gane cewa ganin zuciya tana motsi daban, duba yadda aka gina ta daban.

A tsakanin nan na yi ɓari sau ɗaya, aka kuma gano ina da ciwon suga. Kalmar wabi ta fara yawo a bayan idona, ba a faɗa a gabana, amma tana iso ni. Mako biyu bayan ƙaramar sallar 2023 gwaji ya nuna ina da ciki na mako 7. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ban koma asibitin unguwa ba, na je na yanki kati a babban asibiti na fara awo tun cikin bai ɗaga ba.

Likitar da na samu a ranar farko mace ce. Ta buɗe fayil, ta ga an rubuta haihuwa ɗaya, babu rai, sai ta ajiye biro ta ce in ba ta labari. Tambayoyin da ta yi mini babu wanda ya taɓa yi. A kwana na nawa ya fara haki? Yana gumi in yana tsotso? Ƙafafunsa sun yi sanyi? Akwai wanda aka haifa da ciwon zuciya a danginmu ko na maigidana? Auren zumunci ne? Na ce eh, mahaifinsa da Umma uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta jawo takarda ta zana mini. Ta ce jariri a ciki ba da huhunsa yake shaƙar iska ba, mabiyiya ce ke aiko masa ta igiyar cibiya. Saboda haka akwai hanyoyin ratse da jini ke bi ya kauce wa huhu: wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya na sama, da wata gajeriyar jijiya da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar da ke kai jini jiki. Da an haihu, huhu ya buɗe, wannan gajeriyar jijiya sai ta fara tsukewa, cikin kwanaki kaɗan ta rufe. Ga mai lafiya haka ake so. Amma akwai jariran da manyan jijiyoyinsu biyu suka yi musayar wuri, ko babbar jijiyar ta matse, ko ɗaki ɗaya bai girma ba. Su wannan 'yar hanya ce ke riƙe da ransu. A haife su garas, a sallame su, ranar da hanyar ta rufe su faɗi. Ta ce akwai magani, furostagilandin, da ake sa wa jariri ta ƙarin ruwa ya hana hanyar rufewa har a kai ga tiyata, amma sai an san da matsalar kafin a nemi maganin.

Ban san lokacin da hawaye ya jiƙa mini hijabi ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Malama, ba zan iya rantse miki cewa abin da ya same shi ke nan ba, tunda ba a yi hoto ba. Amma labarin ya yi kama sosai, kuma wannan karon za mu duba."

Ta faɗa mini alƙaluman ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A cikin jarirai 100 da ake haifa, kusan 1 yana zuwa da wata naƙasa a zuciya, ita ce ma naƙasar haihuwa da ta fi yawa. Wadda ta taɓa haifar mai ita, nata ya kan hau zuwa 2 ko 3 cikin 100. Mai ciwon suga tun kafin ciki kuma 3 zuwa 5. Ni na haɗa biyun. Ta ƙara da cewa zuciya tana fara bugawa kusan kwana 22 da shigar ciki, ana kuma kammala gininta a cikin makonni 8 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da cikin ba. A ranar ta mayar da ni kan allurar insulin, ta rubuta mini folik asid mai ƙarfi, miligiram 5, ta kuma rubuta takardar tura ni eko, wato hoto na musamman na zuciyar ɗan tayi, idan cikin ya kai mako 20. Ta ce tsakanin mako 18 zuwa 22 ake so: kafin nan zuciyar ta yi ƙanƙanta, in aka yi nisa kuma ƙasusuwan haƙarƙari sun yi ƙwari suna tare hoto.

A gida ba kowa ya yi na'am ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ba mai tsanani ba ce, ita ta wanke gawar jikanta da hannunta, har yau in aka ambace shi sai ta sunkuyar da kai. Ta kira ɗanta ta ce, "Kai yanzu in an leƙa an ga wani abu, me za ku yi? Ku bar yarinyar nan ta yi rainon cikinta cikin kwanciyar hankali. Abin da ke cikin mahaifa Allah ne masaninsa." Ban ga laifinta ba, domin tambayar tata tana da nauyi, ni ma da ita nake kwana. Maigidana ya durƙusa ya ce, "Hajiya, gaskiya ne. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wancan karon ba mu san akwai raƙumin da za a ɗaure ba." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa a ga alheri. Damuwarta ta biyu ita ce ko namiji ne zai yi hoton. Namiji ne kuwa, likitan zuciyar yara, kuma rana ɗaya tak yake zama a mako domin masu ciki. Muka tambaya, aka ce da nas mace a ɗakin, kuma miji yana iya shiga.

Ranar ta faɗo a farkon Agusta, da damina, wata biyu da cire tallafin mai, kuɗin adaidaita sahu ya ninka. Kuɗin hoton shi ma ya ninka na sikanin da na saba sau da yawa, sai da maigidana ya karɓi adashensa kafin lokaci. An ce mini ba sai na zo da yunwa ba, ba kuma sai na cika mara da ruwa ba. Na karya, na yi allurata, na sa dabino da mitar gwajin suga a jaka.

Mu shida ne a benci. Ba irin layin awo ba ne da ake hira da dariya, kowa ta riƙe takardarta ta yi jugum. Ta kusa da ni 'yar wani ƙauye ce daga Jigawa, ba za ta wuce shekara ashirin ba, cikinta ya kai wata bakwai. Wani mai sikanin a garinsu ne ya ce zuciyar ba ta yi masa daidai ba, ya turo ta. Ban san shi ba, amma har gobe ina yi masa addu'a, domin ya tsaya ya duba, ya kuma san iyakar saninsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kafin a kira ta mun karɓi lambar juna.

Ɗakin da duhu-duhu, da sanyin na'ura. Na kwanta, nas ta rufa mini zane, ta bar cikin kawai, ta matsa man nan mai sanyi da yauƙi. Likitan ya gaishe mu, ya ce abu ɗaya da na ji daɗinsa daga baya: "Hajiya, zan yi shiru na wani lokaci. Shirun ba ya nufin na ga wani abu, aiki nake. In na gama zan nuna miki komai." Da bai faɗa ba, da shirun ya kashe ni kafin sakamakon.

Minti goma da farawa ya ɗaga na'urar. Jaririn ya kifa, ya ba mu baya, ƙashin bayansa ya yi inuwa a kan zuciyar. Ya ce in tashi in zaga in dawo. Na yi ta sintiri a baranda, ruwa na zuba a kan kwano, maigidana na biye da ni da jaka, ba mai cewa uffan. Na sha ruwa mai sanyi, na gwada suga, na ci dabino ɗaya. Bayan rabin awa na koma. Ana cikin yi jiri ya ɗebe ni saboda daɗewa a rigingine, nas ta tura mini filo ta karkatar da ni hagu, ya wuce.

Wannan karon jaririn ya juyo. Likitan ya yi ta danne-danne da aune-aune, yana tsayar da hoto, yana maido shi baya a hankali, yana faɗa wa nas lambobi tana rubutawa. Ni dai fuskarsa nake kallo, ina ta Hasbunallahu a zuci. Bayan kamar minti arba'in ya juyo da allon wajenmu.

Ya fara daga cikin jaririn, ya nuna wani baƙin ɗigo ya ce tumbi ne, yana hagu, inda ya kamata. Ya haura kaɗan sai ga zuciyar. Ban taɓa zaton za ta fito haka ba. Ya ce girmanta a lokacin bai wuce ƙwayar dabino ba, amma da ya faɗaɗa ta cika allon, tana buɗewa tana rufewa da sauri. Ya ce ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙirji, bakinta ya kalli hagu, haka ake so. Ya ƙirga mana ɗakuna da kan biro: biyu a sama, biyu a ƙasa, na hagu da na dama girmansu ya yi daidai. Tsakanin na sama da na ƙasa ga wasu 'yan marufai suna kaɗawa kamar fikafikan tsuntsu. Ga 'yar ƙofar da likitar awo ta zana mini, a buɗe, yadda ta dace da wanda bai fito ba. Ya kunna sauti, bugun ya cika ɗakin, 146 a minti. Ya ce daga 110 zuwa 160 duk lafiya ne, kuma babu tsallake.

Daga nan ya ce, "Yanzu ga wurin da na fi daɗewa saboda labarin yaronku." Ya ɗan karkata hannu, wata jijiya ta fito daga ɗakin hagu. Ya sake karkatawa, wata ta fito daga na dama ta gitta ta farkon. Ya ce wannan gittawar ita ake nema. Idan jijiyoyin sun yi musayar wuri, a jere suke tafiya kamar layin dogo, ba sa gittawa, kuma ɗakuna huɗun za su iya fitowa lafiya ƙalau alhali ga babbar matsala a samansu. Shi ya sa mai sikanin da ya tsaya a ɗakuna huɗu kawai yakan wuce ta bai gani ba. Ya haura ya nuna jijiyoyi uku a jere, ya bi babbar jijiyar inda ta lanƙwasa kamar kan sanda, ya ce bai ga matsewa ba. Maigidana ya sauke wani numfashi da sai da nas ta waiwayo.

Sai ya danna wani abu, launi ya hau hoton, ja da shuɗi. Na ɗauka ja jini mai kyau ne, shuɗi marar kyau, gabana ya faɗi saboda shuɗin da na gani a harshen ɗana. Ya ce a'a, launin alƙibla kawai yake nunawa, ja jinin da ke tahowa wajen na'ura, shuɗi wanda ke tafiya. Ya tsayar da hoton a kan katangar da ta raba ɗakunan ƙasa biyu, ya matsar da shi kaɗan-kaɗan. Can ƙasa, kusa da bakin zuciyar, wani siririn launi yana ratsa katangar, ya ɓace, ya dawo.

"Kin ga wannan? Huji ne ƙarami a cikin naman katangar. Ya kai kamar milimita 2."

Duk abin da ya faɗa a minti biyun da suka biyo baya ban ji ba. Kalmar huji kawai ke amsa-kuwwa a kaina, ina ganin ragon nan a zaure. Ya lura, ya dakata, ya sa nas ta goge mini ciki na tashi zaune, ya kunna fitila, sannan ya sake daga farko. Ya ce wannan shi ne nau'in da ya fi yawa a cikin naƙasun zuciya, kuma ba ya cikin masu dogaro da gajeriyar jijiyar nan, saboda haka ba irin abin da ake zargi ga ɗana ba ne. Ƙananan hujin da ke cikin naman katanga mafi yawansu suna toshewa da kansu yayin da naman ke kauri, wasu tun a ciki, wasu a shekarar farko ko ta biyu. Ba zai hana ni haihuwa da kaina ba. Ya ce ya duba kai, fuska, hannaye, ƙoda da hanji bai ga wani abu ba, kuma hakan yana da muhimmanci, domin wani lokaci ciwon zuciya yana tafiya da matsalar ƙwayoyin halitta, kusan rabin yaran da ake haifa da lalurar Down suna da shi. Ya ambaci gwajin ruwan mahaifa da ake ɗiba da allura, ya ce a irin wannan huji shi kaɗai bai ga dole ba, amma zaɓi namu ne. Muka ce a bar shi.

Na tambaye shi abin da ke ƙona ni. "Likita, sugana ne ya jawo?" Bai ce a'a don ya faranta mini ba. Ya ce suga mai yawa a makonnin farko yana ƙara haɗari, gaskiya ne, amma yawancin jariran da ke zuwa da huji iyayensu ba su da suga ba su da komai, kuma ba wanda zai iya nuna musabbabin wannan. Ya ce abin da ke hannuna yanzu shi ne sugan watannin da suka rage, domin in ya yi yawa yana sa katangar zuciyar jariri ta yi kauri fiye da kima a ƙarshen ciki. Ya kuma ja mana kunne cewa eko na ciki ba ya ganin komai da komai. Matsewar babbar jijiya tana iya ɓuya sai bayan haihuwa, ita kuma 'yar ƙofar sama da gajeriyar jijiya ba a sanin ko za su rufe sai an fito. Ya rubuta mu dawo a mako 28 da 34, a haihu a asibitin da ke da sashen jarirai, a sake eko bayan haihuwa. Muna fita maigidana ya tuna bai tambayi jinsi ba, ya koma. Mace ce.

Yarinyar Jigawa tana zaune a ƙarshen baranda da yayanta. Nata ba ƙarami ba ne: babban huji, ga hanyar da ke kai jini huhu ta matse. An ce mata yaron zai iya rayuwa, amma sai an yi masa aiki.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini tsawo, kuma a nan na gane gaskiyar da ke cikin maganar Hajiya. Sani yana da nasa nauyin. Duk da bayanin likita, maigidana ya shiga bincike kamar gobe za a ce a kawo kuɗin tiyata. Ya gano cewa tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau wuraren da ke yi wa jarirai ƙalilan ne, da yawa sai an haɗa kuɗi an tafi Indiya. Ya karanta labarin gidauniyar da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a 2000 domin yara masu ciwon zuciya, bayan shi kansa an yi masa aiki. Ya ji labarin cibiyar Salam da ke Khartum, wadda aka buɗe a 2007 tana aikin zuciya kyauta, sai dai yaƙin Sudan ya ɓarke tun Afrilun shekarar, hanya ta toshe. Wata rana da dare na ce masa, "Malam, don Allah ajiye wayar nan. Abin da aka ce mu yi shi ne suga, mu yi shi." Daga ranar shi ke tashe ni gwajin asuba, shi ke rubuta lambobin a littafi. Na rage tuwo, na bar lemon kwalba da shayi mai siga, na koma ganye, wake da ƙwai.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin wannan zulumi da natsuwar da na yi a cikin farko, zulumin zan ɗauka. Waccan natsuwar ba ta tsaya a kan komai ba. Kuma ina jin zafin yadda muka mayar da sikanin abin duba mace ko namiji. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako 24, kuma gano naƙasa yana cikin dalilan. Mu kuwa sai ciki ya tsufa muke zuwa, mu biya, a ce mana kwanciya daidai. Ba kowace mace ke buƙatar eko irin nawa ba. An fi tura masu suga, da waɗanda suka taɓa haifar mai ciwon ko suke da shi su ko mazansu, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya, da waɗanda baƙon dauron Jamus ya kama da ƙaramin ciki, da masu tagwayen da suka haɗa mabiyiya ɗaya. Amma sikanin na mako 20, wanda ake bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga ɗakuna huɗu a ga gittawar jijiyoyi, wannan haƙƙin kowace mai ciki ne, tunda yawancin jariran da ke zuwa da ciwon iyayensu ba su cikin kowane rukuni na haɗari.

A mako 28 hujin yana nan, bai ƙaru ba. A mako 34 ma haka, katangar kuma ba ta yi kaurin da ake tsoro ba. Saboda sugan, ba a bar ni na cika wata tara cif ba, a mako 38 aka sa mini maganin naƙuda. Na haihu da kaina a farkon Disamba, cikin hunturu, kafin kiran assalatu. Likitar jarirai tana tsaye a ɗakin tun kafin kai ya fito, domin an rubuta da jan biro a bangon fayil ɗina. Aka gwada sugan jaririyar a diddige, ya ɗan yi ƙasa, aka ce in ba ta nono maza-maza, ya hau.

Da ta kwana ɗaya, nas ta zo da wata 'yar na'ura mai jan haske, ta naɗa a hannun dama, sannan a ƙafa. Ta ce tana auna iskar da ke cikin jini, ana so ya kai 95 ko fiye, kuma hannu da ƙafa kada su yi nisa da juna. Hannu 98, ƙafa 97. Gwajin bai ɗauki minti biyar ba, ba allura, ba jini. Na kalli 'yar wayar nan a ƙafarta na tuna an sallame ni da ɗana ba tare da kowa ya naɗa masa ita ba. A kwana na uku aka yi mata eko a ƙirjinta kai tsaye. Hujin yana nan, ƙarami, babbar jijiya a buɗe, gajeriyar tana rufewa yadda ya kamata. Likitan ya ce kada mu firgita in nan gaba wani ya sa abin sauraro ya ji ƙara kamar huci, ƙaramin huji ya kan fi babba ƙara. Ya lissafa mini abin da zan sa wa ido: numfashi sama da 60 a minti tana kwance shiru, gumi da gajiya wajen tsotso, rashin ƙaruwar nauyi. Ya ce mu masu duhun fata ba a fata ake neman shuɗi ba, a harshe da dasashi ake dubawa.

Daren kwana na biyar ban runtsa ba. Na san abin da hotuna suka nuna, na san lambobin, amma jikina bai yarda ba. Na zauna da fitilar waya da agogo ina ƙirga numfashinta, 44, 48, 42. Wajen ƙarfe uku Hajiya ta turo ƙofa, ashe ita ma idonta biyu. Ba ta ce komai ba, ta zauna a bakin gado, ta karɓe ta, ta sa ɗan yatsa ta buɗe bakin, ta haska. Harshen ja ne. Muka zauna tare har aka kira salla. Ranar suna aka yanka rago.

Mun yi ta zuwa asibitin zuciyar yara, da farko bayan mako shida, daga baya duk wata shida. Nauyinta yana hawa a kan layin kati, ba a taɓa ba ta maganin zuciya ko ƙwaya ɗaya ba. Tana da wata 14, tana ta fizge-fizge a kan gadon hoto sai da aka ba ta mukullin babanta ta riƙe, likitan ya kunna launin, ya bi katangar daga sama har ƙasa, ya sake bi, ya canza wuri ya sake. Babu abin da ya ratsa. Ya sa abin sauraro, ya daɗe, ya ce ƙarar ma ta tafi. Ya rubuta sallama.

A wannan asibitin nake haɗuwa da ƙawata ta Jigawa. Ta bi abin da aka ce mata, ta tare gidan 'yar uwarta a Kano tun cikin yana wata takwas, ta haihu a inda aka shirya mata. Yaron yana raye, yana da wayo, ga dariya. In ya yi kuka mai tsanani leɓɓansa suna rinewa, an koya mata ta naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji ta rungume shi har ya dawo, yana kuma shan magani kullum. Ranar da aka sallame mu na kasa kiranta, na ɗauki waya na ajiye ya fi sau uku. Da magariba sai ga kiranta, ta san ranar komawarmu ce. Na faɗa mata. Ta yi hamdala da ƙarfi har ina jin tana sanar da mutanen gidan. Na tambayi nata. Ta ce an sayar da gona ɗaya da shanu biyu, fasfo ya fito, sunansa yana cikin jerin wasu likitoci da ake sa ran zuwansu, in ba su zo ba sai Indiya. Ta ce kuɗin ya kai rabi.